Kiwon ƙaramar mesa a Zongon Yamai: Idan ta ƙi cin abinci, a fara duba akwatinta

Babu ƙorafin da masu kiwon ƙaramar mesa suka fi yi kamar wannan: an kawo ta gida, an yi mata akwati, an miƙa mata ɓera, sai ta zaro harshe sau biyu ta kau da kai, ta dunƙule wuri ɗaya. Mako ya wuce, na biyu ya bi bayansa, ba ta sa komai a cikinta ba.

Babbar mesa mai ƙiba tana iya yin watanni ba ta ci ba kuma ba abin da zai same ta. Jaririya wadda nauyinta bai kai giram 100 ba, ba ta da wannan tanadi a jikinta. Makonni kaɗan na yunwa sun isa su mayar da ita fata da ƙashi, kuma da yake maciji ba ya kuka, sau da yawa mai shi ba ya farga sai abu ya yi nisa.

Likitocin dabbobi da waɗanda suka daɗe a wannan kiwo sun yi ittifaƙi cewa a mafi yawan lokuta dalilin ƙin cin yana cikin akwatin da aka ajiye ta: ko zafi ya yi yawa, ko sanyi, ko iska ta bushe, ko ta rasa wurin ɓuya, ko kuma an dame ta da ɗauka. A unguwa irin Zongo, tsohuwar unguwar fatake da ke tsakiyar birnin Yamai, inda ɗakunan haya ke manne da juna a ƙarƙashin rufin kwano, daidaita waɗannan abubuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, yawancin shawarwarin da matashi zai gani a YouTube da TikTok an tsara su ne domin ɗakunan Turai da Amurka, inda matsalar ita ce sanyi.

Wace irin mesa ce?

Sunanta a kimiyyance Python regius, kuma masanin dabbobi ɗan Ingila, George Shaw, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1802. Masu jin Faransanci suna ce mata python royal, masu jin Ingilishi kuma ball python, saboda ɗabi'arta ta dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata.

Idan Bahaushe ya ce mesa, yawanci yana nufin ƙatuwar nan da ke iya kai wa mita 5 ta haɗiye akuya. Wannan 'yar uwarta ce ƙarama, ba kasafai take wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da dafi. Macen tana saka ƙwai 3 zuwa 11, ta naɗe a kansu kusan wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Jariran suna fitowa da tsawon santimita 25 zuwa 40.

Asalinta dazuka da gonakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal har zuwa Yuganda. Da rana tana kwance a cikin ramin ɓera ko tsohon suri, sai dare ya yi take fitowa farauta. Cikin ramin akwai duhu da matsi da danshi, kuma zafinsa ba ya hawa ya sauka kamar na waje. Duk wanda zai yi mata akwati, wannan ramin yake ƙoƙarin kwaikwaya.

Tana gane abinci ta hanya biyu. Harshenta yana ɗauko ƙamshi, sannan akwai wasu 'yan ramuka a jere a leɓenta na sama da ke jin ɗumin jikin dabba ko da a cikin duhu. Shi ya sa mataccen ɓera mai sanyi sau da yawa ba ya ba ta sha'awa.

Tana da tsawon rai. Shekara 20 zuwa 30 abu ne da aka saba gani a hannun masu kula da ita da kyau. A shekarar 2020, wata da ke gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka ta saka ƙwai 7 tana da kimanin shekara 62 a duniya.

Daga ina ta fito?

Wannan mesa tana cikin dabbobin da aka fi fitarwa da rai daga Afirka. Ƙasashe uku ne ke kan gaba, wato Togo da Benin da Ghana, kuma alƙaluman yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sun nuna an fitar da fiye da miliyan 3 daga yankin tun daga shekarun 1970. Mafarauta kan tone ramuka a farkon shekara su kwaso ƙwai da mata masu ciki, su sayar wa gidajen kiwo irin na Lome, inda ake ƙyanƙyashe su a tura ƙetare suna 'yan makonni. A shekarar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta a jerin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

A wasu wurare kuma girmama ta ake yi. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin bauta na musamman da ake ajiye su, kuma a wasu sassan ƙasar Ibo ba a kashe ta.

Sanin inda ta fito yana da alaƙa kai tsaye da batun ci. Wadda aka haifa a gidan kiwo na Turai ta saba da farin ɓera tun daga cinta na farko. Wadda aka kamo a daji, ko aka ƙyanƙyashe daga ƙwan daji, wataƙila ba ta taɓa cin komai ba, ga wahalar hanya da ƙishirwa, ga kaska a tsakanin ɓawon fatarta da tsutsa a ciki. Wadda za ta faɗo hannun mai saye a wannan yanki ta fi yiwuwa ta kasance irin ta biyun.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa mai sayarwa: yaushe aka ƙyanƙyashe ta, ta yi saɓar farko, sau nawa ta ci, kuma me ta ci? Jaririya ba ta fara ci sai bayan saɓarta ta farko, wadda ke zuwa mako ɗaya zuwa biyu bayan ƙyanƙyasa, domin kafin nan tana rayuwa ne da sauran gwaiduwar da ke cikinta. Masu kiwo na ƙwarai ba sa sayar da jaririya sai ta ci sau uku ko fiye da kanta.

Akwai kuma gargaɗi ga mai sha'awar tsinto ta a daji. Jaririyar kasa da kububuwa su ma suna da zane mai ruwan ƙasa, kuma dafinsu yana kisa. Wanda bai ƙware ba yana iya rikita su.

Bazara, hunturu da damina

Abin da masana suka tsayar shi ne, gefe ɗaya na akwatin ya kasance da zafin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyos, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 27, domin mesar ta riƙa zaɓar inda ya yi mata. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Maciji ba ya iya daidaita zafin jikinsa da kansa, da zafin wurin da yake kwance yake narkar da abinci.

A Yamai, watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 kusan kullum, wani lokaci ya kai 45. Ɗakin bulo mai rufin kwano yana riƙe wannan zafi har tsakar dare. Idan cikin akwati ya daɗe sama da digiri 35, mesa tana daina ci, ta riƙa kai-komo tana neman mafita ko ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita. Idan ya ƙara hawa, yana iya taɓa mata ƙwaƙwalwa ko ya kashe ta cikin sa'o'i. Matashin da ya bi bidiyon Turai ya kunna mata fitilar ɗumama a wannan lokaci, da hannunsa ya gasa ta.

Aikin bazara sanyayawa ne. A sauke akwatin ƙasa a kan daɓe, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da bangon da ranar yamma ke duka. Ɗakin laka ya fi na bulo. Ana iya ajiye shi kusa da randa, a lulluɓe rabinsa da jiƙaƙƙen zane, ko a naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara da tsumma a jingina ta daga waje a gefe ɗaya. Ba a tsoma mesa a ruwan ƙanƙara, ba a kuma saka ta a firji. Dogaro da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki kaɗai yana da haɗari, domin a bazara ne aka fi ɗauke wuta, kuma mazauna Yamai ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar.

Da hunturu kuma labarin ya juya. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko zuwa digiri 16 ko ƙasa da haka. Idan cikin akwati ya yi ƙasa da digiri 24, abinci ba ya narkewa da kyau, sai ta ƙi ci ko ta ci ta amayar. A nan ne ɗumamawa ke da amfani. Mai hali ya sayi shimfiɗar ɗumi ta lantarki tare da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya kai inda aka tsayar, ya saka ta a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin daga waje. Marar hali ya naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul ya jingina a gefe ɗaya, yana sauyawa. Ƙwan fitila a cikin akwati yana ƙona ta, domin mesa takan naɗe abu mai zafi ba ta sake shi ba sai fatarta ta saluɓe. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne gare ta da mai ɗakin baki ɗaya.

Babbar matsalar hunturu ita ce bushewar iska. Daga Janairu zuwa Maris danshin iskar Yamai yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. A irin wannan yanayi saɓa ba ta fita gaba ɗaya, sai ta riƙa ɓarewa gutsi-gutsi, ta maƙale a kan ido da bakin wutsiya. Wadda ta maƙale a wutsiya tana iya ɗaure jini har wurin ya mutu. Maganinsa a yi mata ƙaramin maɓoya na roba mai ƙofa ɗaya, a zuba jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko tsumma mai tsabta da aka matse, a kuma ƙara girman kwanon ruwa. Ba a ɓare saɓar ido da farce.

Damina ita ce lokacin da iskar Yamai ta fi dacewa da ita, musamman Agusta. Sai dai idan shimfiɗa ta zauna a jiƙe, fatar cikinta tana yin ƙuraje ta ruɓe. A riƙa sauya shimfiɗa, a kuma lura da tururuwa da cinnaku, waɗanda ke iya yi wa jaririya taron dangi.

Yadda akwatin ya kamata ya kasance

Akwatin gilashi mai faɗi yana da kyau a hoto, amma jaririyar mesa tana jin kanta a fili ne a cikinsa, kamar wadda shaho ke kallo. Akwatin roba mai murfi, mai tsawon kimanin santimita 60 da faɗin 40, ya ishe ta a shekarar farko, kuma ya fi riƙe danshi. A huda ƙananan ƙofofin iska a gefe da ƙusa mai zafi, a goge bakinsu don kada su yanke ta. Murfin ya zama mai kullewa, domin tana da ƙarfin ture shi, kuma duk inda kanta ya shiga jikinta zai bi.

Maɓoya biyu ake sakawa, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, don kada ta zaɓi tsakanin tsaro da lafiyar jikinta. Ƙaramin kasko na ƙasa da aka kife aka fasa masa ƙofa ya wadatar, kuma yana riƙe sanyi da danshi. Ya kasance matsattse yadda jikinta zai taɓa gefensa.

Ga jaririya, takarda marar tawada ko tsohuwar jarida ita ce shimfiɗa mafi sauƙi, domin ana ganin kashinta da duk wani ƙwaro da ya fito daga jikinta. Yashi ba ya dacewa, yana busar da ita kuma yana shiga baki. Dusar katako ta wurin kafintoci ma a guje ta, saboda ba a san irin icen ba, ko an yi masa feshin maganin gara.

Kwanon ruwa ya zama mai nauyi da ba za ta kifar ba, a sauya ruwan kullum. Sai kuma ma'aunin zafi da na danshi, waɗanda su ne kayan aiki mafi muhimmanci. Tafin hannu ba ya bambance digiri 32 da 37, alhali tsakaninsu akwai rai da mutuwa.

Maganin sauro, na feshi da na kunnawa, guba ne ga macizai. Hayaƙin turaren wuta da na shisha ma yana cutar da huhunta. Haka nan ƙarar janareta ko babbar sifika a kusa da akwati tana hana ta sakewa, domin tana jin girgiza ta ƙasa.

Yadda ake ba ta abinci

Sabuwar mesa ana barin ta mako ɗaya zuwa biyu ba a taɓa ta ba, ba a nuna wa abokai, ba a ɗaukar bidiyo da ita. Bayan nan a gwada ba ta abinci da dare, fitila a kashe ko a rage.

Girman ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, wato kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta. Mai giram 80, ɓera mai giram 8 zuwa 12 ya ishe ta. Jaririya tana ci duk kwana 5 zuwa 7. Idan daskararre ne, a saka shi a leda a tsoma a ruwan ɗumi har ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi kamar mai rai, a riƙe shi da dogon hantsaki a ɗan motsa shi a bakin maɓoyarta. Idan ba ta kama ba, a ajiye shi a wurin a rufe akwatin, da safe in yana nan a jefar. Kada a sake gwadawa sai bayan kwana biyar zuwa bakwai, domin takura mata kullum yana ƙara mata tsoro.

Ɓera mai rai yana iya juyowa ya cije ta, har ya ci naman bayanta, ita kuwa sai ta dunƙule kawai. Idan dole ne a ba ta mai rai, a tsaya a kai, in ba ta kama ba cikin minti 15 a fitar da shi.

Bayan ta ci, ba a ɗaukar ta sai an yi kwana biyu. Idan ta amayar, a bar ta kwana 10 zuwa 14 kafin a sake ba ta, kuma a ba ta ƙarami, sannan a duba ma'aunin zafi. Idan idonta ya yi fari-fari kamar hazo, fatarta ta dushe, saɓa ce ke tafe, kuma ƙin ci a wannan lokaci ba matsala ba ne.

Ba ta shan nono, ba ta cin tsire ko yankan nama ko fara. Dabba sukutum take buƙata, da ƙashi da gashi da kayan ciki. Wani bincike da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 kan irin wannan mesa a kudu maso gabashin Najeriya ya gano cewa ƙananan sun fi cin 'ya'yan tsuntsaye, manyan mata kuma sun fi cin ɓeraye. Shi ya sa wasu masu kiwo ke goga ɓera a jikin ɗan tsako don ya ɗauki ƙamshinsa idan mesa ta ƙi ci. Shi kansa ɗan tsakon kaza ya yi wa jaririya girma, sai ta tasa.

Ɓeran gida ba abinci ba ne

A nan ne mai kiwo a Yamai zai fi shan wahala, domin ɓeran kiwo mai tsabta ba abu ne da ake samu a kowane shago ba. Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a ɗana tarko a kama na gida, tunda ga su nan birjik a kusa da kasuwanni.

Haɗari na farko shi ne guba. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera a gidan maƙwabci yana iya yin kwanaki yana yawo kafin ya mutu. Mesar da ta haɗiye shi ta haɗiye gubar.

Na biyu shi ne cuta, kuma wannan ya shafi mutanen gida. Wani bincike da Madougou Garba da Gauthier Dobigny da abokan aikinsu suka wallafa a 2014 ya nuna cewa ɓeran da ya fi yawa a gidajen Yamai shi ne wanda ake kira Mastomys natalensis. Irin wannan ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa a Najeriya, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. A 2015 kuma masu binciken sun ba da rahoton samun ƙwayar cutar leptospira a jikin ɓerayen lambunan da ke bakin kogin Kwara a cikin birnin. Kama ɓeran gari da hannu da ajiye shi a ɗakin kwana wasa da lafiya ne.

Mafita ita ce mutum ya kiwata fararen ɓeraye da kansa a keji na daban, yana ba su hatsi da ruwa mai tsabta. Wannan kiwo ne na biyu, da warinsa da ɗawainiyarsa. Mai ajiye daskararru kuma ya sani cewa wanda ya narke saboda ɗauke wuta ya sake daskarewa ya lalace, kuma ba a haɗa su da abincin iyali a firji ɗaya.

Yaushe ake neman likita?

Ƙaramin sikeli na kicin da littafin rubutu sun fi ido faɗin gaskiya. A auna ta duk mako, a rubuta nauyi da ranar ci da ranar saɓa. Idan jaririya ta ƙi ci sau uku ko huɗu a jere bayan an gyara akwati, ko ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko ƙashin bayanta ya fito ya yi tsini, lokacin ganin likitan dabbobi ya yi. Haka nan idan tana numfashi da baki a buɗe, ko ana jin shaƙar numfashinta, ko kumfa na fita daga hanci, ko cikin bakinta ya kumbura.

Yawancin aikin likitocin dabbobi a yankin ya shafi shanu da awaki da kaji ne, amma suna iya duba kashinta don gano tsutsa, su kuma cire kaska. Ɗura mata abinci da ƙarfi aikin ƙwararre ne, wanda bai iya ba yana iya yaga mata maƙogwaro. Maganin mutane kuwa kada a kusanto da shi. Farasitamol yana kashe maciji, har gwamnatin Amurka tana cusa shi a cikin matattun ɓeraye tana watsawa a tsibirin Guam don rage wasu macizai da suka addabi wurin.

Mutanen gida da doka

Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ko da suna da lafiya, kuma tana jawo zawo da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su taɓa irin waɗannan dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kuma kada a wanke kwanonta a inda matan gida ke wanke-wanke.

A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, mesar da ta kuɓuce ba ta da mai ceto. Ba wanda zai tsaya tambayar ko tana da dafi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Ɓoye ta ga mai gida da maƙwabta yana iya ƙarewa da rigima da sallama daga ɗaki. Malamai da dama ba sa ganin dacewar ajiye maciji a gida, kuma kowa ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta.

Ta fuskar hukuma, dokar Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji, kuma jami'an gandun daji ne ke aiwatar da ita. Nijar tana cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, wadda ta saka wannan mesa a rukuni na biyu, ma'ana ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardar izini. Wanda ya gaji da kiwo ya tuntuɓi jami'an, kada ya sake ta a kwata ko a lambu. Mai son kallon namun daji kawai, gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe a 1959 ba shi da nisa da Zongo, akwai zakuna da kuraye da kadoji.

Ga 'yan uwa mazauna ƙetare, samun ɓeran kiwo da kayan ɗumama da likita ya fi sauƙi, kuma ya fi kyau a sayi wadda aka haifa a can da takardunta. Sai dai na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska a lokacin sanyi kamar hunturun gida. Dokoki ma sun bambanta: birnin New York ya hana ajiye kowace irin mesa, jihar Hawaii ta hana macizai baki ɗaya, Faransa kuma tana da dokar 8 ga Oktoban 2018 da ta gindaya sharuɗan ajiye irin waɗannan dabbobi. Saka ta a jaka a matsayin tsaraba laifi ne a filin jirgin tashi da na sauka.

Akwai gwaji mai sauƙi ga duk wanda ke tunanin saye. Ya haɗa akwatin tukuna babu komai a ciki sai ma'aunin zafi da na danshi, ya ajiye shi a inda yake nufin ajiye mesar, ya riƙa rubuta abin da ya gani da asuba da ƙarfe uku na rana har tsawon mako guda, musamman a watan Afrilu. Idan ma'aunin yana wuce digiri 35 kuma ba shi da hanyar sauke shi ranar da babu wuta, ɗakin ba zai riƙe mesa ba, kuma gara ya san haka tun kuɗinsa na aljihunsa.